Sifirin da ya taɓa kayar da ku wajen awo

Ɗalibi, Yamai: Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya a aji aka ce mu mayar da mikromita 2,5 zuwa nanomita, na rubuta 25 gabana gaɗi. Malam ya zagaye shi da jan alƙalami, ko magana bai yi ba. Tablon da muka haddace tun muna ƙanana a lakwal ne ya yaudare ni: kilomita, hektomita, dekamita, mita, desimita, santimita, milimita, kowane gida goma. Ashe daga milimita zuwa ƙasa dubu-dubu ake tsalle, amsar 2500 ce. Wa awo ya taɓa yi wa haka?

Mai walda, Wadata: Ƙanena, gode wa Allah naka a takarda ya tsaya, nawa ƙarfe ya ci. Na aiki yaron shagona ya auno wata ƙofa, faɗinta mita 1 da santi 5. Ya rubuto 1,5 maimakon 1,05. Ni kuma ban je na gani da idona ba, na sayo ƙarfe a kasuwar Katako, na yanka, na haɗa, har fenti na shafa. Da muka kai ta, ta zarce gurbin da santi 45. Mai gidan ya tsaya yana kallona, na rasa inda zan sa kaina. Tun daga ranar milimita kaɗai nake karɓa a shagona: 1050, ba waƙafi, ba gardama.

Tela, Tahoua: Mu namu rikicin yadi da mita ne. Turmi mai yadi 6 bai cika mita 5 da rabi ba, amma wata hajiya ta rantse mita 6 ta kawo, wai na ci mata zane.

Mai aikin gwajin jini, Tahoua: Ɗana, ni sai da na kama aiki lambobin nan suka zauna min. Jar ƙwayar jini faɗinta mikromita 7 zuwa 8 ne, ka jera wajen 130 kafin su cika milimita guda, tazarar nan ƴar mitsitsiya tsakanin zane biyu na ma'auni. A cikin jar ƙwayar jinin kuma ƙwayar cutar zazzaɓin sauro ke samun wurin zama! Na'urarmu ta auna ƙarfin jini tana aiki da haske mai nanomita 540, wato mikromita 0,54. Satina na farko na karanta "nm" (nanomita) a matsayin "mm" (milimita), na faɗa da ƙarfi gaban kowa. Har yau wata abokiyar aikina tana tsokanata da shi.

Direba, Yamai: Waƙafin ma shi kansa masifa ne. A Kano 1,500 dubu da ɗari biyar ne, a nan ɗaya da rabi.

Malamar lakwal, Yamai: Kada ka jefar da tablonka, ɗalibi, tsawaita shi za ka yi. Bayan milimita ja gida uku ka sa mikromita a na ukun, ka sake jan uku ka sa nanomita. Daga mita zuwa nanomita gida tara ke nan, mita guda nanomita biliyan 1. Mikromita 2,5 ɗin da aka ba ka kuwa, girman ƙurar hunturun nan ce mai laushi da ke shiga har cikin huhu.

Ɗalibi, Yamai: Na gode Malama, na ja gidajen, takardar ma ba ta ishe ni ba sai da na juya ta a kwance. Baba mai walda, ƙofar fa, yaya aka ƙare da ita?

Mai walda, Wadata: Na rage ta da kuɗina. Guntun ƙarfen na nan jingine a bayan shago.