Yaya dabarun gwamnatoci na yaƙi da cutar ƙanjamau suka sauya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman bayani kan yadda gwamnatoci suka riƙa sauya dabarunsu na yaƙi da ƙwayar HIV tun daga shekarun 1980.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Da farko babu magani mai ƙarfi, shi ya sa aka dogara ga wayar da kan jama'a da tantance jini kafin a ƙara wa majiyyaci. Al'amura sun juya a 1996, lokacin da amfanin haɗa magunguna uku ya tabbata, kuma a shekarar ce Brazil ta kafa dokar raba su kyauta.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne Malam, sai dai tsada ta hana ƙasashe matalauta bin sahu, har sai da aka kafa asusun tallafi na duniya mai suna Global Fund a 2002 da shirin Amurka na tallafa wa yaƙi da ƙanjamau mai suna PEPFAR a 2003. A ganina, jan ƙafar da Afirka ta Kudu ta yi wajen raba magungunan a zamanin shugabanta Thabo Mbeki ya fi kowane kuskure ciwo.

Amsa ta uku: Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ɗora duk mai ɗauke da ƙwayar kan magani nan take, ba sai garkuwar jikinsa ta raunana ba.