Jan mazarin da Aminu ya ɗauko

Aminu: Assalamu alaikum. Jiya na ɗauki hoton wannan jan mazarin a bakin kududdufin unguwarmu, nan Kurna. Wane iri ne don Allah?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Aminu, ja kaɗai ba ya raba gardama, jajayen suna da yawa. Jelar za ka duba. In faffaɗa ce, ja wur har ƙarshe, Crocothemis erythraea ne. In siririya ce mai baƙi a gefe wajen ƙarshenta, jijiyoyin fiffiken su ma ja, to Trithemis arteriosa ne. Kai kuwa ta gaba ka ɗauke shi, idanu kawai muke gani. Ka koma ka ɗauko ta sama da ta gefe.

Aminu: Malam ai ba ya tsayawa, ina matsowa sai ya tashi.

Anti Rabi: Daina bin sa, ƙanina. Namijin yana da karan da yake sauka, ya zaga ya dawo kansa. Tsuguna ka saita waya a kan karan, ka jira. Da sassafe ya fi, kafin rana ta ɗumama su. Kada inuwarka ta faɗa masa.

Usman: Ka ɗora a iNaturalist, manhajar gane halittu ta hoto, ka sa wurin da kwanan wata. Amma sunan farko da manhajar ke bayarwa canke ne, jira mutane su duba. Shuɗayen nan 'yan gidan Orthetrum ma sau da yawa a sunan gidan ake barin su, hoto ba ya isa.

Malam Habibu: Ga macen Crocothemis kuma ba ja ba ce, rawaya-rawaya ce, sai ka rantse wani iri ne daban.

Nura: Malam, ni a dam ɗin Tiga wasu baƙaƙe masu ɗamara a fiffike suka yi ta bin ƙafata.

Malam Habibu: Brachythemis ke nan. Ba sonka suke ba, ƙwarin da kake tasowa daga ciyawa suke kamawa. Haka suke bin shanu.

Usman: Ni masu ruwan ɗorawa da ke cika filin ƙwallo da damina suka gagare ni. Da ƙyar ka ga sun sauka.

Anti Rabi: Pantala flavescens. Wanda ke ƙetare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka, shi zai tsaya maka? Ɗauki bidiyo, ka tsakuro hoto daga ciki.

Aminu: Na gode. Gobe in gari ya waye zan koma, in sha Allahu.

Anti Rabi: Ka sa takalmi sau-ciki, bakin kududdufi ba a rasa fasasshiyar kwalba.