Neman taimako: tantance shekarar gajeren wandon yara na katalog ɗin Amurka

Jama'a, ina neman wanda ya san tsofaffin katalog na Sears da Montgomery Ward, waɗanda ake zaɓar kaya a cikinsu a aiko ta gidan waya. Matsalar a kan gajeren wandon yaro ce, irin na zuwa sansanin hutun bazara, mai aljihu da yawa, ɗaya mai zif, da ƙugiyar rataya wuƙa a ƙugu. An yanke tambarin kamfanin.

Ga inda aka tsaya. Lakabin ya nuna auduga zalla, kuma dokar Amurka ta tilasta rubuta irin zaren tufafi tun 1960. Babu lakabin yadda ake wanki, wanda ya zama dole a 1972. Saboda haka wandon yana tsakanin shekarun nan biyu, sai dai idan lakabin wankin ma an yanke shi, kuma abin da ke damuna ke nan. Kalmar Sanforized ba ta taimaka ba, domin tun 1930 ake wannan sarrafa yadi don kada ya tsuke. Zif ɗin ƙarfe ne na Talon, amma kamfanoni da dama sun yi amfani da shi.

Shin akwai alamar ɗinki da ke bambanta na Sears da na Ward, kamar roba a bayan ƙugu kawai ko zagaye duka? Sannan wace shekara irin wannan wando ya fara fitowa a katalog na bazara? Kamfanin J.C. Penney ma yana cikin lissafi, tunda ya fara nasa katalog a 1963.