Abokiyar aikina ta koma Jidda, na kasa sabawa da rashinta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawararku nake nema, abin ya tsaya mini a rai.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa na wani asibiti a Kano. Wadda muka daɗe muna aikin dare tare ta samu aiki a Jidda. Wallahi na taya ta murna, albashin can ya fi namu nesa ba kusa ba, ga iyaye da ƙanne a wuyanta. Amma tun da ta tafi aikin ya yi mini nauyi. Ita ce idan mai naƙuda ta fara zubar da jini, kallo ɗaya za mu yi wa juna, kafin in buɗe baki ta ɗaura mata ruwa, ta aika a kira likita.

Wadda aka kawo a madadinta yarinya ce mai ladabi, Anti take ce mini, tana son koyo, sai dai zuciyata ta ƙi daina auna ta da waccan.

Muna gaisawa a WhatsApp, amma suna gabanmu da awa 2, ga lokacin aikinta daban, saƙo sai ya kwana ba amsa. In ci gaba da nemanta ne, ko in ɗaga mata ƙafa kar in zame mata kaya? Kuma yaya zan yi in saki jiki da sabuwar? Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya yi.