Iska ko Rana: Wa Ke da Rinjaye a Saman Teku?

Malami daga Mabera: Assalamu alaikum. Raina ya ɓaci jiya, domin na gaya wa wasu abokan aiki cewa daminar da muke jira a Sakkwato tana da alaƙa da ruwan saman Tekun Atilantika, sai suka yi mini dariya. Rana tana ɗumama ruwan saman teku, kuma da yake ruwa mai ɗumi bai kai mai sanyi nauyi ba, sai ya zauna a bisa. Iska ce ke zuwa ta gauraya shi da na ƙasa har zurfin gomman mitoci, kuma daga wannan ruwa ne laimar da ke zame mana hadari take tashi. Iska ce ke mulkin saman teku.

Alhaji daga Ƙofar Rini: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, "mulki" fa ka ce? Mulki na Allah ne, ita iska aikenta ake yi. Ya kamata ka janye wannan kalma.

Ɗalibi daga Dundaye: Baba Alhaji, babu mai musun haka. Amma ko ta fuskar sababi, Malam ya ba iska abin da ba nata ba. Duk wanda ya taɓa shiga tafki da bazara bayan azahar, lokacin da iska ta kwanta, ya san ƙirjinsa yana cikin ruwa mai ɗumi alhali ƙafafunsa suna cikin mai sanyi. A Tekun Labrador da ke gabashin Kanada kuwa, tsananin sanyi ne ke ƙara wa ruwan saman teku nauyi har ya nitse fiye da mita 1,000. Idan har za a yi maganar mulki, to zafi da sanyi ne suka cancanta.

Malami daga Mabera: Ƙanena, tun 1905 masanin nan ɗan Suwidin, Ekman, ya bayyana yadda iska da juyawar duniya suke karkatar da ruwan saman teku. Shi ya sa a gaɓar Senegal da Muritaniya iska take janye ruwan da ke bisa daga bakin teku, mai sanyi ya taso daga ƙasa, kifi ya yawaita. Wane zafi ne ya yi wannan aikin?

Hajiya daga Arkilla: Ni abin da ya dame ni shi ne yadda ku 'yan jami'a kuke raina malaman sakandare. Ɗana, Malam ya girme ka, kuma tafki ba teku ba ne, tun da babu gishiri a cikinsa, gishiri kuwa yana ƙara wa ruwa nauyi.

Ɗalibi daga Dundaye: Mama, ban raina shi ba, hujja na kawo.

Alhaji daga Ƙofar Rini: Har yanzu dai ba a janye kalmar ba, kuma ga shi yaron nan ma ya maimaita ta.

Shugaban Zaure: Zan rufe zancen a nan. Abin da na fahimta shi ne Malam ya kawo shekara da sunan masani da misalin Senegal, don haka maganarsa a kan iska ta tsaya. Ɗalibinmu ya yi ƙoƙari, sai dai misalin tafki bai isa hujja ba, kamar yadda Hajiya ta nuna. Batun kalmar kuma, Malam zai kira Alhaji su daidaita.