Hayaƙin Najeriya ya kai a ɗaga mana murya a kansa?

Injiniya Bala: Ni a ganina a daina matsa wa Najeriya kan hayaƙin da ke ɗumama duniya. A 2023 duniya ta fitar da wajen tan biliyan 37 na iskar kabon daga fetur, gas da kwal. Sin kaɗai na da kusan kashi 30 cikin ɗari, Amurka wajen 13, mu ko kashi ɗaya ba mu kai ba. In aka raba kan mutum ɗaya, Ba'amurke wajen tan 14 a shekara, ɗan Najeriya bai cika tan guda ba. Ina haɗin kifi da kaska?

Malama Hadiza: Injiniya, alƙalumanka daidai ne, amma na makamashi kaɗai ka auna. Namu da yawa yana inda wannan ma'aunin ba ya leƙawa: sare daji don gawayi, shanu, shinkafar da ruwa ke kwanciya a kanta, da gas ɗin Neja Delta. Metan, iskar da shanu, gonakin shinkafa da gas ɗin ke fitarwa, ta fi kabon riƙe zafi wajen sau 80 a shekaru 20 na farko. Bututun da ake ƙona gas kuwa, in iska ta kaɗa harshen wutar ko ta mutu, ɗanyen metan ne ke tashi sama.

Dakta Umar: Ku dubi daga ina kowa ke fara ƙirgensa. Birtaniya da 1990 take aunawa, ta rage kusan rabi, ta rufe tashar kwal ɗinta ta ƙarshe a Satumban 2024. Alƙawarin Najeriya na 2021, rage kashi 20 da ƙarfinta ko 47 in an tallafa zuwa 2030, da hasashen abin da za a fitar in ba a yi komai ba aka auna shi. Hayaƙinmu na iya ƙaruwa, a takarda a ce an rage.

Injiniya Bala: Dakta, ita ma Birtaniyar ai kayan da take saye daga Sin, a littafin Sin ake rubuta hayaƙinsu. Kuma kabon kan daɗe ɗaruruwan shekaru a sama. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya taru na Amurka ne.

Malama Hadiza: Wannan bashin nasu ne, ban musa ba. Amma tun 1984 doka ta hana ƙona gas sai da izinin gwamnati, har yau wutar na ci dare da rana kusa da gonakin mutane. Gas ɗin nan da ya shiga bututu zuwa tashar lantarki, da janareto nawa za a kashe a kasuwannin Kano da Aba? Wannan kuma wa za mu ɗora wa, Injiniya?