Zan yi dashen gashi kuma ina shan Concerta: yaushe zan dakata, yaushe zan koma?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Kumasi, shekaruna 34, kuma likita ya tabbatar mini da larurar ADHD, wadda ke hana mutum tara hankalinsa wuri guda. Kowace safiya ina shan Concerta mai miligiram 36, da taimakonsa nake riƙe lissafin shagon kayan gini da nake wa aiki a Adum. Sanƙo ya cinye mini gaban kai, don haka na shirya zuwa Santanbul ta ƙasar Turkiyya a yi mini dashen gashi bayan Babbar Sallah.

Wakilin asibitin da muke magana ta WhatsApp ya ce in bar maganin mako guda kafin aikin, kada kuma in koma masa sai mako biyu bayansa, da na nemi dalili sai ya ce ƙa'idarsu ce ga kowa. Mako uku babu magani ba ƙaramin abu ba ne a wurina, ga tafiya ƙasar da ban sani ba, ga aikin mutane da zan dawo in tarar. Mene ne haɗarin maganin a ranar aiki, kuma shin dole ne a daɗe haka?

Malam Mai Magani, Asawase:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Harhaɗa magunguna ne aikina, kuma zan yi bayanin abin da ya shafi maganin, amma yanke hukunci na likitan da ya rubuta maka shi ne tare da wanda zai yi aikin.

Yawanci ba a sa mutum barci a dashen gashi. Allurar kashe zafi ake yi a fatar kai, mafi yawa lidocaine, a haɗa ta da adrenaline domin ya tsuke jijiyoyin jini, zubar jini ta ragu, allurar kuma ta daɗe tana aiki. Fatar kai tana da jijiyoyi da yawa, kuma aikin yakan ɗauki awa 6 zuwa 8 ana ƙara allurar lokaci bayan lokaci, saboda haka wani ɓangare na adrenaline ɗin yakan shiga jini ya ɗaga bugun zuciya. Sinadarin da ke cikin Concerta da Ritalin, wato methylphenidate, shi ma yana ɗan ɗaga bugun zuciya da awon jini. Idan biyun suka haɗu da fargabar da kowa ke ji a kan gadon aiki, jini na iya hawa, kuma idan ya hau ramukan da ake hudawa sukan yi ta tsiyaya, likita ya kasa ganin wurin sosai, saiwar gashin da aka dasa ma ta riƙa tasowa daga raminta. Wannan shi ne ainihin dalilin, kuma dalili ne mai kyau.

Inda nake da ja shi ne tsawon lokacin. An ƙera Concerta ya yi aiki kimanin awa 12, jiki kuma yana fitar da sinadarin da sauri, ta yadda wanda ya sha jiya da safe, zuwa wayewar garin yau abin da ya saura a jininsa kaɗan ne ƙwarai. Gargaɗin da ke cikin takardar maganin game da tiyata ya shafi ranar aikin ce, musamman idan za a sa mutum barci da iskar da ake shaƙa. Mako guda kuwa ya fi kama da ƙa'idar asfirin, wanda ke hana jini daskarewa na kwanaki, alhali methylphenidate ba ya tsinka jini. Ina ganin an haɗa magunguna daban-daban ne a ƙarƙashin doka ɗaya.

Abu guda da mutanenmu ke mantawa: goro, ataya, kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna da sinadarin caffeine mai ɗaga bugun zuciya. Babu amfanin barin ƙwaya da safe sannan a shiga ɗakin aiki da goro a baki.

Alhaji na Nima:

Ƙanena, ni an yi mini wannan aikin, kuma Ritalin nake sha. Likitana a Accra ya rubuta wa likitan can wasiƙa, suka daidaita a kan in tsallake ranar aikin, in koma bayan an duba kan an ga babu zubar jini. Ba ina cewa ka kwaikwayi nawa ba ne, domin jinina ba ya hawa, naka kuwa sai an auna.

Abin da nake so ka yi tunani a kai shi ne kwanakin bayan aiki, waɗanda su ne masu wuya ga irinmu. Saiwar ba ta kama sosai sai bayan kwana 10 zuwa 14, kuma a cikin waɗannan kwanaki kan yana ƙaiƙayi, ɓawo yana fitowa, an hana ka susa, an hana ka hula mai matsewa, akwai yadda za ka kwanta, yadda za ka wanke kan, da magungunan da za ka sha a kan lokaci. Mai ADHD da aka raba da maganinsa shi ne ya fi kowa saurin kai hannu ka ba tare da ya sani ba, shi ne kuma zai manta da umarni. Saboda haka doguwar dakatawa bayan aiki tana da nata haɗarin ga gashin da ka kashe kuɗi a kai, kuma ya kamata likitan ya ji wannan daga bakinka. Ka kuma gaya masa tun farko cewa zama wuri ɗaya na tsawon yini yana yi maka wahala, domin a tsara maka hutu a tsakiyar aikin.

Hajiya Nas, Tafo:

Alhaji ya faɗi gaskiya, sai dai ina so in ja kunnen sauran masu karatu kada su ɗauki amsar Concerta su ɗora wa kowane maganin ADHD. Guanfacine da clonidine saukar da jini suke yi, kuma yanke su farat ɗaya na iya sa jini ya yi tashin gwauron zabo, don haka a hankali ake rage su bisa umarnin likita. Atomoxetine, wanda aka fi sani da Strattera, sai an yi makonni ana sha kafin amfaninsa ya bayyana, lissafinsa daban ne. Masu shan Vyvanse ko Adderall kuma, nasu ya fi methylphenidate daɗewa a jiki.

Game da mako biyun bayan aiki, masu faɗin haka suna tsoron kada tsukewar ƙananan jijiyoyi ta rage jinin da sabuwar saiwa ke buƙata. Taka-tsantsan ne da wasu likitoci ke yi, amma abin da aka fi tabbatar da cutarwarsa ga warkewar rauni shi ne sigari da shisha.

Ɗana, ka tambayi sunan duk abin da za su ba ka ka tafi da shi masauki. Idan akwai tramadol a ciki, ka sanar da su maganinka kafin ka sha, domin haɗa shi da magungunan ADHD na ƙara haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya. Sau da yawa ana bayar da prednisolone don rage kumburin goshi, shi kuma yakan hana barci ya ɗaga jini. Sannan methylphenidate yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa ido, saboda haka ka riƙe shi a kwalinsa na asali cikin jakar hannu, tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunanka da adadin da kake sha.

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Allah Ya saka muku da alheri. Mama Hajiya, ban taɓa jin batun tramadol ɗin ba. Zan ga likitana mako mai zuwa. Me ya kamata in nema a wurinsa, kuma yaya zan yi idan asibitin can suka dage a kan mako uku?

Malam Mai Magani, Asawase:

Ka nemi a auna jininka da bugun zuciyarka a rana biyu ko uku kana kan maganin, a yi gwajin ECG, wato na duba yadda zuciya ke bugawa, idan likita ya ga dacewar haka, musamman idan akwai ciwon zuciya a danginku ko kana jin faɗuwar gaba. Ya rubuta wasiƙa da Turanci mai bayyana maganin, awon da aka samu, da ranar da yake ganin za ka dakata da wadda za ka koma. Ka tura ta ga likitan da zai yi aikin da hannunsa, ba wakilin da ke karɓar kuɗi ba, ka nemi amsa a rubuce kafin ka biya kafin alƙalami ko ka sayi tikiti. A cikin saƙon ka tambaye su ko akwai likitan sa barci a wurin, ko za a jona maka na'urar auna jini har a gama, da kuma ko sun saba aiki da gashinmu, wanda saiwarsa a lanƙwashe take a ƙarƙashin fata kuma takan yanke wajen cirowa a hannun da bai saba ba. Idan suka dage kuma suka kawo dalilin da ya shafi lafiyarka kai kanka, ka kai wa likitanka ya duba. Idan kuwa suka ƙi haɗa ka da likita gaba ɗaya, ka nemi wani asibitin. Kada ka amsa musu da to sannan ka sha a ɓoye da safen aikin, domin za su auna adrenaline ɗin ne a kan cewa babu komai a jininka.